Babi na Bakwai: Haɗa Laftof da Talabijin Don Hoto da Sauti

Fuskar laftof galibi inci 14 ce ko 15.6. Ta ishi mutum ɗaya ko biyu. Amma idan malama za ta nuna wa ɗalibai talatin bidiyon yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ko iyali na son kallon hotunan biki, ko 'yan ƙungiya za su duba lissafin kuɗinsu tare, dole a nemi fuska mai faɗi. Talabijin ɗin da ke ɗaki za ta yi wannan aiki, kuma haɗa su ba ya wuce minti biyar idan wayar ta dace. Yawancin wahalar da ake sha tana farawa ne daga kasuwa, inda mutum zai sayo waya alhali bai duba kafofin da ke jikin na'urorinsa ba. Saboda haka wannan babi zai fara da dubawa, sannan saye, sannan haɗawa.

Fita da shiga

Kafa ita ce ɗan ramin da ake soka kan waya a jikin na'ura. Kowace kafa da aikinta: wata fitar da hoto take yi, wata karɓa take yi. Kafar HDMI da ke jikin laftof ta fitarwa ce kawai, wadda ke bayan talabijin kuma ta karɓa ce. Shi ya sa hoto ke tafiya daga laftof zuwa talabijin, ba ya dawowa. Wanda ya jona dikoda a laftof da wayar HDMI don ya kalli ƙwallo ba zai ga komai ba, domin ya haɗa mai fitarwa da mai fitarwa.

Abu na biyu da za ku riƙe shi ne hoto da sauti abubuwa biyu ne. Wata waya tana ɗaukar su tare, wata hoto kaɗai take ɗauka. Ko a wayar da ke ɗaukar duka biyun, kwamfuta tana da saitin hoto daban, saitin sauti daban. Duk lokacin da matsala ta taso, ku fara tambayar kanku: hoton ne bai zo ba, ko sautin? Kada ku haɗa gyaran biyu a lokaci guda.

Ku juya laftof ku dubi gefenta

HDMI ita ce kafar da aka fi samu a laftof na yanzu. Faɗinta ya ɗara santimita ɗaya kaɗan, kusurwoyinta biyu na ƙasa a yanke suke, kuma a cikinta akwai ƙananan haƙora 19. Yawanci an rubuta HDMI a kusa da ita. Tana ɗaukar hoto da sauti tare a waya ɗaya. Idan laftof da talabijin duk suna da ita, kun huta. Wasu ƙananan kwamfutoci suna da 'yar ƙaramarta, mini HDMI ko micro HDMI. Aikinsu ɗaya, sai dai ana buƙatar waya mai ƙaramin kai a gefe guda.

Akwai wata kafa da ke rikita mutane ƙwarai, sunanta DisplayPort. Idan aka hango ta sai a ɗauka HDMI ce, amma kusurwa ɗaya kaɗai aka yanke mata, ba biyu ba, kuma a gefenta akwai alamar harafin D da P a cikinsa. Ita ce a jikin laftof da yawa na ofis da ake shigowa da su na hannu, misali HP EliteBook 840 daga G1 zuwa G4, waɗanda ba su da HDMI ko ɗaya. Lenovo ThinkPad T440 da T450 kuma ƙaramarta gare su, mini DisplayPort. Kan wayar HDMI ba ya shiga wannan kafa. Idan kun soka kun ji ya cije, ku dakata, kada ku sa ƙarfi, domin lanƙwasa haƙoran cikin kafa gyara ne mai tsada. Abin da ake buƙata shi ne adafta ko waya mai kan DisplayPort a gefe guda da kan HDMI a ɗaya gefen, kuma tana kai sauti ma. Babban kan DisplayPort sau da yawa yana da ɗan makulli da ke riƙe shi. Sai an danne bayan kan da yatsa kafin a zare. Fizgar sa ba tare da dannewa ba na iya ɓalle kafar.

VGA ita ce tsohuwar. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987. Ramuka 15 gare ta a layi uku, launinta shuɗi ko baƙi, kuma kan wayarta yana da kusoshi biyu da ake murzawa da hannu. Hoto kaɗai take ɗauka. Ba ta san sauti ba sam.

Sababbin laftof marasa kauri wasu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai USB-C, ƙaramar kafa mai zagayayyen baki irin ta cajin wayoyin hannu na zamani. A nan sai an lura, domin ba kowace USB-C ce ke fitar da hoto ba. Wadda aka zana wa alamar walƙiya mai kan kibiya, wato Thunderbolt, ko alamar D da P, tana fitarwa. Wadda ba ta da alama, ku duba takardar kwamfutar ko ku gwada adaftar a shago kafin ku biya. Idan kafar ba ta fitar da hoto, babu adaftar USB-C zuwa HDMI ta yau da kullum da za ta sa ta fitar.

Bayan talabijin

Ku haska tocila a baya da gefen talabijin. Za ku ga kafofin HDMI guda biyu ko uku, kowace da lambarta: HDMI 1, HDMI 2. Ku rubuta lambar wadda za ku yi amfani da ita, za ku buƙace ta nan gaba. Wadda aka rubuta wa ARC an tanade ta ne don na'urar ƙara sauti, amma tana karɓar laftof kamar sauran. Kafar VGA a talabijin ana rubuta mata PC IN ko RGB, kuma kusa da ita akwai ɗan zagayayyen rami mai suna PC AUDIO IN. Ramukan nan uku masu launi, rawaya da fari da ja, su ne AV: rawaya na hoto, fari na sautin hagu, ja na sautin dama.

Kafar USB ta talabijin kuwa ta filash ce. Ba ta karɓar hoto daga laftof. Ana samun waya mai babban kan USB a duka gefe biyu, wasu kan jona laftof da talabijin da ita. Ba ta nuna komai, kuma tana iya lalata kafa tunda duka ɓangarorin wuta suke turowa. Amma idan fim ɗaya kawai ake son kallo, a kwafe shi a filash a soka a talabijin, ba a ma buƙatar laftof ɗin.

Sayen waya

Kafin ku tafi shago, ku ɗauki hoton kafofin laftof da na talabijin da wayar hannu, ku nuna wa mai shago. Ya fi dogon bayani. Ku kuma auna nisan da ke tsakanin inda laftof za ta zauna da bayan talabijin. Mita 1.5 zuwa 3 ta ishi ɗaki. Har zuwa mita 5 wayar HDMI ta yau da kullum ba ta ba da matsala. Daga mita 10 zuwa sama, siririyar waya kan fara gazawa: hoto ya riƙa ƙyaftawa, ko fararen ɗigo su riƙa walƙiya, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Don babban zaure sai a nemi mai kauri ko wadda aka yi musamman don nisa.

Kada a ruɗe ku da cewa waya mai kan zinariya ta fi fitar da launi. Saƙon HDMI lambobi ne, ko dai ya isa daidai ko ya karye a ga alamar karyewar. Waya mai matsakaicin kuɗi da ke aiki, hotonta ɗaya da na mai tsada. Abin dubawa shi ne ƙarfin wuyan wayar, wato inda kai ya haɗu da jiki, don nan ne take fara tsinkewa. Wadda aka rubuta wa High Speed ta isa duk aikin da ke cikin wannan babi.

Game da kwanbata, wato ɗan akwatin da ke juya saƙo daga wani iri zuwa wani, ku sani hanya ɗaya yake bi. Wanda ke juya HDMI zuwa VGA ba ya juya VGA zuwa HDMI, ko da kawunan sun shiga daidai. Ku karanta jikinsa: gefen da aka rubuta INPUT na laftof ne, gefen OUTPUT na talabijin. Wannan kuskure shi ne ya fi cin kuɗin mutane a banza.

Haɗawa da HDMI

1. Ku kashe talabijin daga soket. Laftof na iya zama a kunne, amma ya fi kyau a zare cajarta tukuna.
2. Ku soka kai ɗaya a laftof, faffaɗan gefen yana sama a mafi yawan kwamfutoci. Ku tura shi har ya zauna. Ba ya buƙatar ƙarfi.
3. Ku soka ɗaya kan a talabijin, ku tuna lambar kafar.
4. Ku kunna talabijin. A rimot ku danna maɓallin da aka rubuta wa Source ko Input, ko mai alamar akwati da kibiya tana shiga. Ku zaɓi lambar da kuka jona.
5. Ku jira daƙiƙa biyar zuwa goma. Fuskar laftof za ta ɗan ɗauke ta dawo. Wannan alama ce ta cewa ta gane talabijin.
6. Idan hoto bai fito ba, ku danne maɓallin Windows, mai alamar taga a layin ƙasa na madannai, ku danna P.

Da kun danna, zaɓi huɗu za su bayyana a gefen dama. PC screen only na nufin laftof kaɗai ke nunawa. Duplicate na nufin abin da ke laftof shi ne a talabijin. Extend yana mayar da talabijin ƙarin fili, kamar a jingina tebur biyu su zama ɗaya, kowane da abin da ke kansa. Second screen only yana kashe fuskar laftof ya bar talabijin. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda kwamfutoci da yawa ke da Faransanci, za ku ga Dupliquer a madadin na biyu, Étendre a madadin na uku. Tsofaffin laftof suna da maɓalli na musamman da ake dannawa tare da Fn, galibi F4 a HP, F8 a Dell.

Wanda ke koyo ya fara da Duplicate, ya fi sauƙi. Amma ku tuna duk abin da ya fito a laftof jama'a na gani, har da saƙon WhatsApp da ya shigo da hotunan da ke cikin jakar da kuka buɗe. Kafin taro ku rufe duk abin da ba na taron ba. Malami da ke son duba rubutunsa yayin da ɗalibai ke kallon bidiyo, Extend ne nasa. A Extend ne mutane kan ce talabijin na nuna hoton bango kawai, babu fim. Ba lalacewa ba ce: fim ɗin na nan a fuskar laftof. Ku kama saman tagar fim ɗin da linzami, wato maus, ku ja ta dama har ta tsallaka, ko ku danna Windows da Shift da kibiyar dama tare.

A kwamfutar Apple, saitin yana cikin System Settings, ƙarƙashin Displays, kuma a can ake zaɓar ko a kwaikwayi fuskar ko a ƙara ta.

Hoto ya zo, sauti bai zo ba

Wannan ita ce ƙorafin da aka fi yi, kuma kusan kullum wayar lafiyarta ƙalau. Kwamfuta tana da jerin wuraren da za ta iya tura sauti: sifikarta, abin sawa a kunne, talabijin. Guda ɗaya take zaɓa a lokaci guda, kuma wani lokaci ba ta canzawa da kanta.

Ku latsa alamar sifika da ke ƙasa ta dama kusa da agogo. A Windows 10, ku latsa sunan da ke saman ma'aunin ƙara, jeri zai buɗe. A Windows 11, ku latsa 'yar alamar da ke ƙarshen ma'aunin. A cikin jerin ku nemi sunan talabijin ɗinku, misali SAMSUNG ko LG TV, ko kalmar HDMI ko Display Audio. Ku zaɓe shi. Idan babu shi a jerin, ku danna Windows da R, ku rubuta mmsys.cpl, ku danna Enter. A shafin Playback, ku latsa ɓangaren dama na linzami a fili mara rubutu, ku zaɓi Show Disabled Devices. Idan talabijin ta bayyana a dushe, ku latsa ta da dama ku zaɓi Enable, sannan Set Default.

Bayan haka akwai ma'aunin ƙara har uku da kowanne zai iya yin shiru: na rimot, na Windows, da na manhajar da ke kunna fim ɗin. Ku duba duka. Wata manhajar tana manne wa tsohon zaɓi idan an buɗe ta kafin a jona waya. Ku rufe ta ku sake buɗewa. A manhajar kunna bidiyo ta VLC ana iya zaɓar wurin sauti kai tsaye daga Audio, sannan Audio Device. A kwamfutar Apple, idan sauti ya koma talabijin ta HDMI, maɓallan ƙara na laftof sau da yawa ba sa aiki, sai a yi da rimot.

Akwai wata dabara da mutane kan gwada wadda ba ta ci. Hoto na zuwa ta HDMI, sai su ɗauko wayar sauti su jona daga laftof zuwa ramukan fari da ja na AV. Talabijin kafa ɗaya take saurara a lokaci guda. Idan tana kan HDMI 1, ba ta jin abin da ke shigowa ta AV. Idan kuna son sauti mai ƙarfi don aji ko zaure, ku kai wayar sautin ga amfilifaya ko babbar sifika kai tsaye, sannan a jerin kwamfuta ku zaɓi Headphones ko Speakers maimakon talabijin.

Idan magana ta riga motsin baki, dalilin sau da yawa shi ne talabijin na ɓata ɗan lokaci tana gyara hoto. Ku sa ta a Game Mode ko PC Mode, wanda ke rage wannan jinkiri. A VLC, maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya kaɗan-kaɗan har ya daidaita. Sifikar Bluetooth ita ma tana kawo jinkiri. Waya ta fi ta tabbas.

Idan VGA kaɗai ake da ita

Waya biyu za ku saya: ta VGA, da ta sauti mai siririn kai na milimita 3.5 a duka gefe biyu. Ta VGA daga laftof zuwa PC IN, a murza kusoshin ba tare da matsewa sosai ba. Ta sauti daga ramin abin sawa a kunne na laftof zuwa PC AUDIO IN. A tsofaffin laftof masu rami biyu, kore shi ne na fitar da sauti, ruwan hoda na makirufo ne. A rimot ku zaɓi PC ko RGB.

Idan hoto ya rine ya koma ja-ja ko shuɗi-shuɗi ko rawaya, ku zare wayar ku dubi allurorin kanta. Ja da kore da shuɗi kowanne da allurarsa, kuma idan ɗaya ta lanƙwashe ko ba ta taɓa ba, launinta zai ɓace. Ana iya miƙe ta a hankali da ɗan hantsaki, amma idan ta karye sai sabuwar waya. Idan hoton ya karkata gefe, ku nemi Auto Adjust a saitin talabijin.

Laftof mai VGA kaɗai da talabijin mai HDMI kaɗai suna buƙatar kwanbata na VGA zuwa HDMI. Yana da jela biyu ƙari: ɗaya ta sauti da ake sokawa a ramin kunne, ɗaya ta USB da ke ba shi wuta. Idan aka manta ta USB, ba zai tashi ba.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya

Ita ma tana haɗuwa, ta hanyar akwatin HDMI zuwa AV. Wayar HDMI ta shiga akwatin, wayoyi uku masu launi su fita zuwa talabijin, sannan a ba akwatin wutar bolt 5 ta USB, daga laftof ko kan cajar waya. A gefensa akwai ɗan makunni mai PAL da NTSC. Ku sa shi a PAL. Idan hoto ya fito baƙi da fari ko yana gungurawa, wannan makunnin ne ke gefen da bai dace ba. Ana sayar da wata waya mai kan HDMI da kawuna uku masu launi babu akwati a tsakani. Ba ta aiki da laftof, domin babu abin da ke juya saƙon a cikinta.

Kada ku sa rai da yawa. Irin wannan talabijin layi 576 take nunawa, don haka fim zai kallu, amma ƙananan rubutu ba za su karantu ba. Don darasin karatu da rubutu ba ta dace ba, sai dai a ƙara girman haruffa sosai.

Daidaita hoto

Hoto ɗigo-ɗigo ne, kuma kowace fuska da adadin ɗigonta. Ƙananan talabijin masu inci 32 da yawa 1366 sau 768 ne. Waɗanda ake kira Full HD 1920 sau 1080, masu 4K kuma 3840 sau 2160. Hoto ya fi fita tas idan kwamfuta ta turo adadin da talabijin ke da shi. Ku latsa dama a filin fuskar kwamfuta, ku zaɓi Display settings, ku latsa akwatin da ke da lamba 2, sannan a Display resolution ku ɗauki wanda aka rubuta wa Recommended. A Duplicate, fuskokin biyu dole su yi tarayya a adadi ɗaya, don haka laftof mai 1366 sau 768 za ta ja babbar talabijin ƙasa. Second screen only yana warware wannan. A wannan shafin kuma akwai Scale. A sa shi 150% don na bayan aji su iya karantawa.

Idan gefunan hoto sun yanke, agogo da layin ƙasa sun shige cikin baki, talabijin ce ke ɗan zuƙo hoton kamar yadda take yi wa tashoshi. Gyaran a rimot yake, a saitin Picture Size ko Aspect Ratio. LG na kiransa Just Scan, Samsung Screen Fit ko Fit to Screen, Sony Full Pixel. Idan mutane sun yi faɗi ko sun yi tsawo fiye da kima, ku mayar da shi 16:9.

Tsohuwar laftof a kan talabijin 4K takan tura hoto 30 kacal a daƙiƙa maimakon 60, sai linzami ya riƙa jan ƙafa, bidiyo ya riƙa sarƙewa. Ku sauko da ita 1920 sau 1080, nan take za ta saki jiki.

In talabijin ta rubuta No Signal

Ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuna canza abu guda kawai kafin ku sake gwadawa, don ku gane inda laifin yake. Da farko lambar kafa: an jona a HDMI 2, rimot na kan HDMI 1? Sannan Windows da P, a tabbatar ba a PC screen only take ba. Sannan a zare waya a mayar da ita ta zauna sosai, musamman a talabijin ɗin da aka rataye a bango inda wayar ke lanƙwashe. Sannan a koma wata kafar HDMI. Sannan a gwada wayar da dikoda: idan dikoda ta nuna, waya da kafa lafiya, laifin na laftof ne. A nan ku danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Fuska za ta ƙyafta, a ji ɗan ƙara, sashen hoto na kwamfuta ya sake tashi. Idan bai yi ba, ku kashe laftof ku kunna ta da wayar a jone da talabijin a kunne. Laftof da aka sake wa Windows a shago wani lokaci ba a sa mata direban hoto ba, wato manhajar da ke tafiyar da sashen hoto, kuma in babu shi kafar HDMI ba ta aiki yadda ya kamata. Wannan sai a koma wurin mai gyara.

Lokacin hunturu ƙura na cika kafofi. Ku kashe na'urar, ku share da busasshen buroshi mai laushi. Ban da allura, ban da ruwa.

Idan komai na nunawa amma fim na Netflix ko makamancinsa ya zama baƙi, kariyar hana kwafi ce mai suna HDCP, wadda wasu kwanbata ba sa wucewa da ita. Wayar HDMI kai tsaye ba ta cika samun wannan matsala ba.

Wuta

Ku ba wannan sashe muhimmanci, domin a nan ne ake asarar da ba ta gyaruwa da sauƙi. A gidaje da yawa soket ba shi da wayar ƙasa, wato earth, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, shi ya sa wani lokaci mutum ke jin ɗan ja idan ya taɓa ƙarfen kan HDMI, ko ya ga tartsatsi lokacin sokawa. Wannan tartsatsin na iya ƙona kafar. Shi ne dalilin da muka ce a kashe talabijin daga soket a zare caja kafin a jona. Ku sa laftof da talabijin a ekstenshan ɗaya, kada ɗaya ta kasance a janareta ɗaya a wutar gari. Idan sifika na gurnani kuma ya daina da zarar an zare caja, matsalar rashin wayar ƙasa ce ko caja mara kyau.

Idan an ɗauke wuta, ku kashe soket kafin a dawo da ita ko a tada janareta. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, ku zare wayar HDMI da ta eriya ko dish. Ƙarfin tsawa kan biyo wayar dish ya shiga dikoda, ya wuce talabijin, ya kai duk abin da ke jone da ita. Masu sola su lissafa: talabijin LED mai inci 32 na cin wajen wat 30 zuwa 50, cajar laftof kuma 45 zuwa 65.

Kada a ɗora laftof a katifa ko darduma yayin kallo, domin kafofin iskarta a ƙasa da gefe suke. Idan ta yi zafi bidiyo zai fara tsinkewa, ta iya kashe kanta. Kuma rufe murfinta yana sa ta barci, hoto ya ɗauke. Mai son rufewa ya shiga Control Panel, Power Options, Choose what closing the lid does, ya zaɓi Do nothing. Wayar kuma a bi da ita ta gefen bango, don yaro ɗaya da ya yi tuntuɓe da ita zai iya jawo laftof ƙasa.

Ba tare da waya ba

Talabijin masu intanet da yawa suna karɓar hoto ta iska ta tsarin Miracast. A talabijin ku buɗe Screen Share ko Screen Mirroring, a laftof ku kunna Wi-Fi ku danna Windows da K, ku zaɓi sunan talabijin. Haɗin kansa ba ya cin data. Chromecast na Google da AirPlay na Apple kuwa suna son na'urorin biyu su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. Duk waɗannan suna da ɗan jinkiri kuma sukan yanke, don haka ranar taro ko darasi ku riƙe wayar HDMI a jaka.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya ɗauki laftof, ya zana kafofin da ke gefenta a takarda, ya rubuta sunan kowace, ya kuma nuna wadda ke ɗaukar hoto da sauti tare. Bayan haka mutum ɗaya ya haɗa laftof da talabijin har hoto da sauti su fito. Sai ya fita waje, sauran biyun su ɓata abu ɗaya kawai: su canza Source, ko su mayar da sauti sifikar laftof, ko su sa PC screen only, ko su sassauta kan waya. Idan ya dawo, ya fara faɗin ko hoto ne ya ɓace ko sauti, sannan ya nemo gyaran yana bayyana wa aji kowane mataki da baki. A yi ta juyawa har kowa ya samu nasa zagayen, sannan kowa ya rubuta a littafinsa irin wayar da laftof da talabijin na gidansu ko na makarantarsu ke buƙata, da tsawonta a mita.